Tsakanin Ma'aunin Imani da Ma'aunin Ilmaniyya: Matsalar Hanyar Bincike a Nazarin Addini

Nazarin addini, a matsayin fanni mai zaman kansa a jami'a, ya sha bamban da karatun addini da aka sani a zaure ko a majami'a. Mai karatu a zaure yana neman sanin abin da Allah ya ce da abin da ya wajaba a kansa, kuma tun kafin ya buɗe littafi ya riga ya sakankance cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Manazarcin jami'a kuwa tambayoyinsa daban ne. Yana so ya san abin da mutane suka yi imani da shi, da lokacin da suka fara, da yadda imanin ya sauya, da tasirin da yake yi a zamansu. An gina fannin bisa sharaɗin cewa za a amsa waɗannan tambayoyi ba tare da an kafa hujja da wahayi ko gaibu ba. Sharaɗin reshe ne na mahangar da ke ware addini daga sha'anin ilimi da mulki, wadda marubutan Larabci ke kira ilmaniyya. A nan matsalar take. Abin da ake nazari ya tsaya ne kacokan a kan gaibu, alhali ma'aunin da za a auna shi da shi an ƙera shi ne yadda ba zai taɓa gaibu ba.

Inda fannin ya samo asali

A Turai aka haifi fannin, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Friedrich Max Müller, Bajamushe masanin harsuna da ya zauna a Oxford, ya gabatar da laccoci a Landan a 1870 yana kiran a kafa kimiyyar addini, aka buga su a 1873. Shi ne kuma ya jagoranci fassara littattafan addinan Gabas cikin mujalladi 50, daga 1879 zuwa 1910, ciki har da fassarar Alƙur'ani ta E. H. Palmer. A ƙasar Holan, dokar ilimi mai zurfi ta 1876 ta raba tsangayoyin tauhidin Kirista na jami'o'in gwamnati da koyar da aƙidar coci, aka buɗe kujerun tarihin addinai a Leiden da Amsterdam. A Faransa an kafa sashen kimiyyar addinai a Paris a 1886, shekara guda bayan gwamnati ta rufe tsangayoyin tauhidin Katolika da take ɗaukar nauyinsu. A Amurka sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1963, wanda ya hana karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati amma ya halatta koyarwa game da addini, sannan sassan nazarin addini suka yawaita a jami'o'in gwamnati.

Wannan tarihi yana nuna cewa fannin ya tashi ne daga gwagwarmaya da coci, kuma ya gaji abubuwa biyu daga gwagwarmayar. Na farko tsoron kada a ce ya koma wa'azi. Na biyu, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne ya ɗauki siffar Kiristanci, musamman na Furotesta, ya mayar da ita siffar addini baki ɗaya.

Mene ne addini, kuma wa ya shata masa iyaka

E. B. Tylor, a 1871, ya taƙaita addini da imani da halittu na ruhi. Émile Durkheim, a littafinsa na 1912 wanda ya gina a kan rahotannin da aka rubuta game da 'yan asalin Ostireliya, ya ce ginshiƙin addini shi ne raba duniya gida biyu, abu mai tsarki da abu na yau da kullum, kuma abin da jama'a ke bautawa a haƙiƙa ƙarfin al'ummarsu ne da suka ba shi wata siffa. Clifford Geertz, a 1966, ya ɗauki addini a matsayin tsarin alamomi da ke dasa wa mutane wani yanayi na zuciya da wata fahimta ta yadda duniya take. Kowace daga cikin waɗannan ma'anoni ta yi amfani a bincike, kuma kowace ta ɗauka cewa akwai wani yanki na rayuwa da ake kira addini wanda za a iya yankewa daga siyasa da shari'a da kasuwa da magani.

Wannan zato ne aka fara tuhuma daga shekarun 1960. Wilfred Cantwell Smith, wanda ya kafa cibiyar nazarin Musulunci a Jami'ar McGill ta Kanada, ya nuna a 1962 cewa ɗaukar addini a matsayin dunƙulallen tsari mai suna da iyaka sabon abu ne a tunanin Turai. Jonathan Z. Smith ya ƙara gaba a 1982, ya ce manazarci ne ke ƙirƙirar wannan rukuni don amfanin kwatance da nazarinsa. Wanda sukarsa ta fi yin tasiri shi ne Talal Asad, a littafinsa na 1993, Genealogies of Religion. Ya ce ma'anar Geertz, duk da an gabatar da ita a matsayin wadda ta game duniya, ta dace ne da addinin da Turai ta samar bayan yaƙe-yaƙen Katolika da Furotesta, wato addinin da aka tura cikin zuciya da ɗaki, aka karɓe masa kotu da makaranta da fada. Ko Kiristan ƙarni na 12 ba zai gane addininsa a cikin wannan ma'ana ba, balle Musulmin da ya koyi tsarki da ciniki da gado da hukuncin kisa a cikin Risala guda. A 2003 Asad ya juya kan ilmaniyya kanta, ya nuna cewa ita ma tana da tarihi da aƙida da hanyoyin tarbiyyar mutum, don haka kuskure ne a ɗauke ta fili fetal da ya rage bayan an kwashe addini.

Shata iyakar ba ta tsaya a littafi ba. David Chidester ya bi rahotannin Turawa a kudancin Afirka, ya gano cewa sun riƙa cewa wata al'umma ba ta da addini muddin ana fafatawa da ita kan ƙasa, sai bayan an murƙushe ta a ce an gano tana da shi. A Arewacin Nijeriya Turawan mulki sun bar kotunan alƙalai suna aiki amma sun hana wasu haddodi, daga bisani dokar laifuka da ta fara aiki a 1960 ta fitar da hukuncin laifi daga hannun fiƙihun Malikiyya, aka bar masa aure da saki da gado da makamantansu. Manazarcin da ya zo bayan haka ya tarar da addini a cikin wannan da'ira yana iya zaton nan ne mazauninsa na asali, alhali hukuma ce ta zana da'irar.

Jingine hukunci

Masu fannin sun san da wannan tsaka-mai-wuya, kuma sun nemi mafita ta hanyoyi da suka saɓa wa juna. Rudolf Otto, a 1917, ya ce asalin addini wani ji ne na tsoro da shauƙi a gaban Mai Tsarki, wanda ba ya komawa ga wani abu daban, har ya shawarci mai karatun da bai taɓa ɗanɗana wannan ji ba da kada ya ci gaba da karanta littafin. Gerardus van der Leeuw, a 1933, ya ba da shawarar manazarci ya jingine hukuncinsa kan gaskiya ko ƙarya, ya yi ƙoƙarin shiga rigar mai imani. Mircea Eliade, wanda ya koyar a Cikago, ya dage cewa a fahimci addini da ma'aunin addini. Cantwell Smith ma ya taɓa cewa maganar manazarci game da wani addini ba ta inganta sai mabiyansa sun yarda da ita.

Ɗaya ɓangaren ya ga wannan a matsayin tauhidi da ya shigo ta bayan gida. Idan aka ce akwai Mai Tsarki da ke bayyana kansa a kowane addini, ai an riga an yi da'awa ta aƙida, kuma da'awar da Musulmi da Kirista da yawa ba za su amince da ita ba. Russell McCutcheon, a 1997 da 2001, ya ce aikin manazarci shi ne suka da bincike, kula da martabar addini kuwa aikin masu shi ne. Sharaɗin Cantwell Smith kuma yana da rauni a fili, domin mabiya addini ba baki ɗaya suke magana ba. Bayanin da ɗan Tijjaniyya zai sa wa hannu game da Maulidi, ɗan Izala ba zai sa ba.

Tsakanin waɗannan biyu Peter Berger ya tsaya. A 1967 ya ce mai nazarin zamantakewa dole ya yi aiki kamar babu Allah, a matsayin ƙa'idar aiki kawai, ko da shi kansa mai imani ne, kuma Berger ɗin Kirista ne. Ninian Smart ya sassauta lafazin a 1973, ya ce abin da ake bukata shi ne a ƙi yanke hukunci ko ta wane gefe. Wannan ce matsayar da ta fi yaɗuwa har yau, kuma tana da fa'idar da ba za a raina ba: ita ce ke ba Musulmi da Kirista da wanda bai da addini damar zama a teburi ɗaya su yi gardama kan hujjar da kowa zai iya dubawa.

Sai dai ƙa'idar tana da wata ɗabi'a ta zamewa. Manazarci yakan fara da cewa ba shi da hanyar tabbatar da gaibu, wanda gaskiya ne. Daga nan sai ya nemi musabbabin abin da yake nazari a cikin abin da yake iya gani. Da ya samu wani musabbabi na tattalin arziki ko na halin ɗan'adam, sai ya rubuta kamar shi ke nan an gama bayani, dalilin da masu abin suka bayar kuma ya zama mayafi da ke rufe dalili na gaskiya. A wannan mataki na uku ƙa'idar aiki ta riga ta rikiɗe ta zama aƙida, ba tare da an kawo mata hujja ba. E. E. Evans-Pritchard, wanda ya yi bincike a tsakanin Azande da Nuer a Sudan, ya lura a 1965 cewa yawancin magabatan fannin ba masu imani ba ne, kuma sun nemi asalin addini a wurin al'ummun da suka kira na farko-farko ne don su sami makamin da za su soki Kiristanci da shi.

Nassi a gaban masanin tarihi

Babu inda rikicin ya fi zafi kamar nazarin littattafai masu tsarki. A ƙarshen ƙarni na 19 Ernst Troeltsch ya fayyace ƙa'idojin binciken tarihi: kowane labari ana karɓarsa ne bisa rinjayen zato, ana auna abin da ya wuce da irin abin da aka saba gani yanzu, kuma kowane lamari yana da musabbabi a cikin lamuran da suka kewaye shi. Ƙa'ida ta biyu kaɗai ta isa ta fitar da mu'ujiza daga tarihi tun kafin a saurari shaidu. Kiristoci ne suka fara ɗanɗana wannan. Littafin David Friedrich Strauss kan rayuwar Yesu, na 1835, ya jawo masa asarar aikin koyarwa, kuma an sauke William Robertson Smith daga kujerarsa a Aberdeen a 1881 saboda rubuce-rubucensa kan Baibul.

Da aka juyo kan Musulunci, hadisi aka fi sa wa ido. Ignaz Goldziher, a 1889 da 1890, ya ce yawancin hadisai suna nuna gardandamin ƙarnonin baya ne fiye da zamanin Annabi (SAW). Joseph Schacht, wanda ya ziyarci Arewacin Nijeriya a 1950, a shekarar ce ya fitar da littafinsa kan asalin fiƙihu, inda ya ce isnadai suna tsawo ne ta baya, wato ana jingina maganar tabi'i ga sahabi, daga baya a kai ta ga Annabi. Muhammad Mustafa al-A'azami ya mayar da martani a 1968 da 1985, kuma abin lura shi ne bai kafa hujja da imani ba. Ya kawo shaidar rubuta hadisi tun ƙarni na farko, ya bi misalan Schacht ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda aka yi wa nassi gurguwar fahimta. Harald Motzki, wanda ba Musulmi ba ne, ya nazarci Musannaf na Abdurrazzaƙ as-San'ani a 1991, ya haɗa binciken isnadi da na matani, ya kai ga cewa ana iya mayar da ruwayoyi da yawa zuwa zamanin da ya gabaci wanda Schacht ya yarda da shi nesa ba kusa ba.

Wannan muhawara ta ci gaba ne saboda ɓangarorin sun yarda su yi faɗa a fili guda. Ta kuma nuna cewa shakka ma zato ce da ke bukatar hujja, kamar yadda amincewa ke bukata. Amma tana da iyaka. A 2015 Jami'ar Birmingham ta sanar cewa gwajin kimiyya ya nuna fatar wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da ke hannunta ta fito ne daga tsakanin shekarar 568 da 645. Sakamakon ya raunana ra'in John Wansbrough na 1977 cewa Alƙur'ani bai kammala zama littafi ba sai bayan kusan ƙarni biyu. Bai tabbatar da cewa wahayi ne ba, kuma babu gwajin da zai iya. Musulmin da ya ce kimiyya ta gaskata wahayi ya ɗora wa gwajin kayan da ba nasa ba, daidai da wanda ya ce binciken tarihi ya ƙaryata shi.

Jihadin Sakkwato da bori

Ƙasar Hausa ta ba wannan muhawara misalai biyu masu kyau. A 1967 littattafai biyu suka fito kan daula ɗaya. H. A. S. Johnston, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya kira ta daular Fulani. Murray Last, wanda ya yi aiki da rubuce-rubucen Larabci na gidan Waziri Junaidu, ya kira ta halifancin Sakkwato. Suna na farko ya sa ƙabila a gaba, na biyu ya ɗauki abin da masu jihadin suka ce suna ginawa. An yi ta bayyana abin da ya faru daga hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808 da cewa tawayen makiyaya ne kan jangali, ko yunƙurin Fulani na karɓe mulki daga Haɓe, ko boren talakawa. Yusufu Bala Usman, a nazarinsa kan Katsina na 1981, ya nuna cewa rabon Fulani da Haɓe bai dace da yadda mutane suka jeru a rikicin ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga hanyar bincike shi ne tambayar kanta, wato ko jihadin na addini ne ko na tattalin arziki, ta fito ne daga rabon da ilmaniyya ta yi. Kitabul Farƙ, wanda ake jinginawa ga Shehu, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa sarakuna a cikin alamomin mulkin da ya saɓa wa Musulunci. A wurin marubucin, haraji na zalunci mas'ala ce ta shari'a, kuma makiyayin da ya fusata da jangali bai fita daga da'irar addini ba don ya fusata. Wanda ya tsaga kokensa gida biyu, ya ce rabi na ciki ne rabi na lahira, shi ya kawo wuƙar.

Wannan ba ya nufin a karɓi duk abin da masu jihadin suka faɗa game da kansu. Su ma ba su yi wa juna haka ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, a Tazyinul Waraƙat, ya koka cewa da yawa daga cikin jama'ar sun karkata ga neman mulki da dukiya, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno ya ƙalubalanci halaccin yaƙar ƙasarsa da hujjojin shari'a, Muhammadu Bello kuma ya adana wasiƙun a Infaƙul Maisur. Ashe al'adar malanta tana da nata kayan aikin gano son zuciya a bayan da'awar addini, tana da kalmomin niyya da riya da son duniya. Masanin tarihin da ya yi watsi da waɗannan ya rasa shaidu mafi kusa da lamarin.

Bori ya fito da wata fuskar matsalar. A. J. N. Tremearne ya rubuta a kansa a 1914 da idon mai tattara camfe-camfe. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna a 1946 yadda aka daidaita iskoki da aljannun da Musulunci ya sani. I. M. Lewis, a 1971, ya kawo ra'in da ya shahara, cewa irin wannan hawan iska hanya ce da mata da waɗanda aka danne ke bi su sami abin da ba za su iya nema kai tsaye ba. Ra'in yana bayyana wani abu na gaskiya, domin ana biya wa mai iska bukatun da ba a biya wa mace mai lafiya. Amma bai bayyana dalilin da ya sa mijin da ke biya ya yarda ba, ko dalilin da ya sa girka ke da tsada da wahala haka. Adeline Masquelier, a nazarinta na 2001 kan Dogondutsi a Nijar, ta ɗauki iskokin a matsayin masu aiki a rayuwar mutanen garin, ta bi yadda ake fahimtar hanyar mota da kasuwa da yaɗuwar Musulunci ta bakinsu.

A kan bori mutum uku ne ke magana. Ɗan bori ya ce iskoki suna nan kuma ana hulɗa da su. Malami ya yarda aljannu suna nan, tunda Alƙur'ani ya ambace su, amma ya ce yi musu yanka shirka ne, ya ba da ruƙiyya a madadin girka. Manazarci yakan kare mutuncin ɗan bori daga hukuncin malami, alhali a zuci ya kore samuwar abin da ɗan borin ya gina rayuwarsa a kai. Ta fuskar abin da ke akwai, malamin da ke la'antar bori ya fi kusa da ɗan bori fiye da baƙon da ke tausaya masa. Rubutun da bai nuna wa mai karatu wannan ba ya ɓoye wani abu game da matsayin marubucinsa.

Inda ma'aunin imani ke tuntuɓe

Kuskure ne a ɗauka cewa gyaran shi ne a mayar da fannin hannun masu imani. John Mbiti a 1969 da Bolaji Idowu a 1962 da 1973, dukansu limaman coci, sun yi aiki mai daraja wajen kare addinan gargajiya na Afirka daga raini. Okot p'Bitek na Yuganda ya zarge su da irinsu da cewa sun sanya wa abubuwan bautar Afirka rigar tauhidin Kirista don su burge Turai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Yunƙurin musuluntar da ilimi, wanda Sayyid Naƙib al-Attas da Isma'il al-Faruƙi suka jagoranta daga ƙarshen shekarun 1970, ya yi nasara wajen tona zatukan da ke ƙarƙashin ilimin zamantakewa na Yamma, amma bai samar da hanyar binciken fili da za ta maye gurbinsa ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wato a rufe tambaya da ƙarfin hukuma. Kotu a Alƙahira ta yanke wa Nasr Hamid Abu Zaid hukuncin ridda a 1995 saboda rubuce-rubucensa kan Alƙur'ani, ta raba aurensa, ya koma Leiden. Ana iya saɓa wa ra'ayinsa ƙwarai, amma hukuncin kotu bai amsa ko ɗaya daga cikin hujjojinsa ba.

Tarihin Musulunci kansa ya nuna cewa mai imani yana iya siffanta addinin wani da adalci. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, ya bayyana tun a gabatarwa cewa zai kawo aƙidun Hindu yadda suke, ba don raddi ba. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ɗauki alkawarin kawo ra'ayin kowace ƙungiya kamar yadda ya same shi a littattafanta, ko da yake ya tsara ƙungiyoyin Musulmi ne bisa hadisin rabuwar al'umma gida 73, wanda shi ma ma'auni ne na aƙida. Ibn Hazm na Andalus ya bi hanyar raddi a fili. Ibn Khaldun, a Muƙaddima ta 1377, ya nemi a auna labari da ɗabi'ar zamantakewar ɗan'adam kafin a duba masu ruwaya, kuma ya bayyana tashin dauloli da asabiyya ba tare da ya ga hakan ya ci karo da ƙaddara ba.

Abin da za a iya karewa

Wayne Proudfoot, a 1985, ya kawo rarrabewar da ta fi kowace amfani a wannan babi. Siffanta abu daban, bayyana musabbabinsa daban. A wajen siffantawa dole a yi amfani da ma'anonin mai abin, domin wanda ya ce mai azumi yana rage ƙiba ne bai siffanta azumi ba sam. A wajen bayyana musabbabi kuwa manazarci yana da 'yancin kawo abin da mai abin bai sani ba ko bai yarda da shi ba. Rarrabewar daidai ce, sai dai tana bukatar ƙari guda: dalilin da mai imani ya bayar shi ma yana cikin musabbaban da za a gwada, kuma sau da yawa shi ne mafi ƙarfi. Saba Mahmood ta nuna haka a 2005 game da matan da ke karatu a masallatan Alƙahira. Ra'in da ke neman ko dai danniya ko turjiya a bayan kowane lulluɓi ya kasa ganin abin da matan suka ce suna yi, wato horar da kai a kan taƙawa. Berger da kansa ya janye daga hasashen cewa zamani zai shafe addini, ya bayyana a 1999 cewa duniya tana nan da addininta kamar da, in ban da Yammacin Turai da wani rukuni na 'yan boko.

Saboda haka ƙa'idar jingine gaibu tana da hurumi a matsayin yarjejeniya kan irin hujjar da za a kawo a zauren da ya haɗa masu aƙidu daban-daban. Ba ta da hurumin yanke hukunci kan abin da ke akwai da abin da babu. Manazarci mai imani yana da damar shiga zauren da imaninsa, da sharaɗin ya kawo shaidar da abokin gardamarsa zai iya bincika, kamar yadda al-A'azami ya yi. Wanda ba shi da imani kuma wajibi ne ya bayyana zatukansa a fili, ya daina gabatar da su a matsayin rashin ɗaukar ɓangare.

A jami'o'in Nijeriya rabon ya zama gini da ofis. Sashen nazarin Musulunci yana gefe guda, na nazarin addinin Kirista yana wani, masu ilimin zamantakewa da tarihi suna wata tsangayar, ko da yake Ibadan ta buɗe sashen nazarin addinai tun 1949. Sakamakon shi ne ɗalibin da ya san Mukhtasar da Alfiyya yakan kammala digiri bai karanta Durkheim ko Asad ba, wanda ya karanta su kuma ba ya iya buɗe Infaƙul Maisur. Rubuce-rubucen Larabci da ajami suna nan jibge a Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ya kamata hukumomin jami'o'i su wajabta darasin hanyoyin bincike na zamani ga ɗaliban nazarin Musulunci da na Kirista, su kuma wajabta Larabci da karatun ajami ga duk wanda zai rubuta kundin digiri na biyu ko na uku kan addini a ƙasar Hausa.